Ƙanƙarar da Ba Ta Jiran Sanyi: Yadda Ake Hasashen Daskarewar Gas a Cikin Bututu

Wanda ya taso a Gusau ko Ƙaura Namoda ya san ƙanƙara baƙuwa ce a ƙasarmu. In ba a firji ba, sai ranar da hadari ya zubo ta a farkon damina, yara su fita suna tsinta kafin ta narke. A watan Afrilu kuwa zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, har kwalta ta yi laushi. Saboda haka idan aka ce wa mutuminmu ƙanƙara na iya toshe bututun gas, abin da zai fara zo masa a rai shi ne Rasha ko Kanada. Na sha jin hakan daga bakin ɗalibai masu karatun injiniya, da ma masu gyaran da suka fara koyon sauya motoci zuwa gas, kuma wannan zaton ne ya sa na ga ya dace a warware maganar tun kafin kayan aikin su yawaita a hannunmu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya take ta kwaɗaitar da jama'a amfani da matsattsen gas, wanda aka fi sani da CNG. Ga kuma bututun da ya taso daga Ajaokuta ya bi ta Abuja da Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Bututun bai ratso Zamfara ba, don haka duk gas ɗin da zai iso Gusau a matse, a bayan tirela zai zo, ta hanyar Zariya da Funtuwa da Tsafe, cikin silindar da aka ɗura wa matsin bar 200 zuwa 250. Don a gane girman wannan adadi, bar ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin iskar da ke danne mu a kullum, tayar ƙaramar mota kuma ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu. A irin wannan matsi ne ruwa yake sauya halin da muka san shi da shi.

Abin da ke toshe bututun, masana na kiransa haidiret, ni kuwa zan riƙa cewa ƙanƙarar gas. A ido fara ce kamar ƙanƙarar da muka sani, amma gininta daban ne. Idan ƙwayoyin ruwa suka haɗu da ƙananan ƙwayoyin gas a ƙarƙashin matsi mai yawa, sai su kama hannun juna su yi wani ɗan akurki, su kulle ƙwayar gas guda a ciki. Babu wani ɗauri na sinadari tsakanin ruwan da gas ɗin. Zaman baƙon a ciki ne kawai ke hana akurkin rushewa, shi ya sa ginin yake iya tsayuwa a yanayin da ƙanƙarar ruwa zalla da tuni ta narke. Gas ɗin da ke ƙunshe a ciki ba kaɗan ba ne: kubik mita guda, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, na ƙanƙarar metan (gas ɗin da ya fi yawa a cikin gas ɗin ƙasa), idan ta narke takan saki kubik mita 160 da ɗoriya na gas. Idan aka kusanta ashana gare ta sai ta kama da wuta, ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashinta.

An daɗe da sanin wannan abu a ɗakin gwaje-gwaje. Humphry Davy ya lura da shi a Ingila a 1810 yana aiki da iskar kulorin, Michael Faraday ya auna haɗinsa a 1823, Villard kuma a Faransa ya samar da na metan a 1888. Fiye da shekara ɗari ana kallonsa a matsayin abin ban sha'awa kawai. Sai a 1934 wani injiniya a Amurka mai suna Hammerschmidt ya nuna cewa abin da ke toshe bututun gas a lokacin sanyi, wanda ma'aikata suke ɗauka ƙanƙarar ruwa ce, wannan haidiret ne, kuma yana samuwa a digirin da ya haura sifiri. Daga ranar tambayar ta zama ta kuɗi da ta rai: a wane matsi, kuma a wane digiri, wannan gas ɗin da ke cikin wannan bututun zai fara daskarewa?

Sharuɗɗan samuwar ƙanƙarar gas uku ne, kuma sai sun haɗu: gas mai ƙananan ƙwayoyi, da ruwa, da matsin da ya kai tare da sanyin da ya isa. Idan aka zana matsi a tsaye, zafi a kwance, sai a sami wani lanƙwasasshen layi da ya raba takardar gida biyu. Ɓangaren sama da hagu, inda matsi ya yi yawa zafi ya yi ƙasa, nan ne gidan ƙanƙarar. Ɓangaren ƙasa da dama kuwa gas na tafiyarsa lafiya. Duk aikin hasashe bai wuce gano inda wannan layin ya bi ba. Ga metan zalla, wanda shi ne mafi rinjaye a cikin gas ɗin ƙasa, layin yana ratsa kusan bar 26 a digiri 0, da kimanin bar 70 a digiri 10, da sama da bar 200 a digiri 20. Ma'ana, duk lokacin da aka ƙara matsi, ƙanƙarar na ƙara jure wa zafi.

Amma babu rijiyar da ke fitar da metan zalla, kuma a nan ne maganar take ɗaukar zurfi. Gas ɗin ƙasa gauraye yake da etan da furofan da butan, wani lokaci da kabon dayoksaid da naitirojin, wani lokaci da haidurojin salfaid mai warin ɓaragurbi. Kowanne yana da girman ƙwayarsa, girman ƙwayar kuma shi ke zaɓar irin akurkin da ruwa zai gina. Binciken da aka yi a farkon shekarun 1950 ya fito da fasali biyu. Fasali na ɗaya yana da ƙwayoyin ruwa 46 masu ɗakuna 8, shi ne metan da etan da kabon dayoksaid ke ginawa idan kowanne shi kaɗai ne. Fasali na biyu yana da ƙwayoyin ruwa 136 masu ɗakuna 24, ƙanana 16 da manya 8, kuma manyan ɗakunan ne ke iya ɗaukar furofan. An gano fasali na uku a Kanada a 1987, amma ba kasafai yake shiga lissafin bututu ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne tasirin furofan. Ƙwayarsa ta cika babban ɗakin fasali na biyu daidai wa daida, ta yadda ginin yake yin ƙarfi ƙwarai. Kashi 1 cikin 100 kacal na furofan a cikin metan ya isa ya juya ƙanƙarar daga fasali na ɗaya zuwa na biyu, ya kuma rage matsin da ake buƙata don ta samu da kusan kashi 40 cikin 100. Wanda ya yi lissafi da metan zalla don yana ganin sauran abubuwan 'yan ƙalilan ne, ya ɗora gininsa a kan yashi. Haidurojin salfaid ma ya fi haka tsanani, domin shi kaɗai yana iya daskarewa da ruwa har kusan digiri 29. A gefe guda, kada a rikita wannan da gumi ko farin sanyin da ake gani a jikin tukunyar gas ɗin girki idan an daɗe ana dafa abinci. Wancan danshin iskar ɗakin girki ne ya sauka a jikin ƙarfen da ya yi sanyi. Gas ɗin girki furofan ne da butan a matsi kaɗan, kuma ƙanƙarar furofan ba ta tsayuwa sama da kusan digiri 5 da rabi.

Hanyar hasashe ta farko Hammerschmidt da kansa ya bayar da ita: a ɗauki matsi a ma'aunin fam bisa murabba'in inci, a ɗaga shi zuwa ƙarfin 0.285, a ninka da 8.9, abin da ya fito shi ne digirin daskarewa a ma'aunin Farenhait. Idan aka gwada ta da bar 70, wato kimanin fam 1,000, tana bayar da kusan digiri 64 na Farenhait, wanda ya yi daidai da 17 zuwa 18 na Salshiyas, kuma wannan bai yi nisa da gaskiyar gas ɗin bututu ba. Amma dabarar ba ta tambayi komai game da haɗin gas ɗin ba, kuma idan aka ja ta zuwa bar 200 sai ta ce digiri 30, alhali ainihin adadin bai wuce 20 da ɗan kaɗan ba. Ina kawo wannan misali ne don a ga yadda dabara mai kyau take ɓata idan aka fitar da ita daga filin da aka auna ta.

A 1945 Donald Katz na Jami'ar Mishigan ya kawo gyara mai sauƙi. Ya ce a auna nauyin gas ɗin a kwatanta da na iska: metan zalla 0.554 ne, gas ɗin bututu kuwa yakan kama daga 0.6 zuwa 0.7. Ya zana layi ga kowane nauyi a takarda guda, ta yadda mai aiki zai ɗora yatsa a kan matsi, ya bi har ya tarar da layin nauyinsa, ya karanta digirin. Har yau ana amfani da zanen, kuma a ganina ya cancanci a manna shi a bangon kowace tashar gas. Rauninsa shi ne gas iri biyu na iya yin nauyi ɗaya alhali haɗinsu ya sha bamban: ɗaya furofan ne ya ƙara masa nauyi, ɗaya kuwa naitirojin, wanda ba ya taimakon daskarewa. Zanen zai ba su amsa guda, bututun kuma ya ba su amsa biyu. Ga gas mai haidurojin salfaid, sai a 1987 Baillie da Wichert suka fitar da nasu zanen.

Tun kafin zanen Katz, a 1941, Wilcox da Carson da Katz sun shimfiɗa wata hanya da ta fi kula da haɗin gas. Kowane sinadari an ba shi wata lamba da ke nuna yadda yake rabuwa tsakanin iska da ƙanƙara a wani matsi da wani digiri. Sai a raba kason kowanne da lambarsa, a tara sakamakon. Idan jimillar ta kai ɗaya cif, an tsaya a kan layin. Idan ta haura, an shiga gidan ƙanƙara. Ana ta sauya digirin ana maimaitawa har jimillar ta zauna. Aiki ne da ɗalibi zai iya yi da biro da kalkuleta, kuma shi ne mafi kyawun hanyar da na sani ta nuna wa mai koyo da idonsa yadda ɗan kason furofan ke cinye kaso mai tsoka na jimillar. Sai dai idan matsi ya haura bar 70 zuwa 100 ba a cika dogara da ita ba.

Babban sauyi ya zo a 1959, lokacin da van der Waals da Platteeuw, masu bincike a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin Shell da ke Amstadam, suka daina dogara da zanen da aka tattara daga gwaji suka koma ga asalin ginin. Tunaninsu shi ne: akurkin da babu kowa a ciki ba ya tsayuwa, kowane baƙon da ya shiga yana ƙara masa ƙarfi, kuma ana iya lissafa yiwuwar cikar kowane ɗaki daga girman ƙwayar gas da ƙarfin da take turawa da shi. Ƙanƙara tana fara samuwa ne a daidai inda zaman ƙwayar ruwa a cikin akurki ya yi daidai da zamanta a cikin ruwa mai gudu, babu wanda ya fi wani sauƙi. A 1972 Parrish da Prausnitz suka mayar da wannan tunani lissafin da kwamfuta za ta iya yi wa gas mai gauraye da yawa. Manhajojin da injiniyoyi ke aiki da su yau, irin su Multiflash da PVTsim da HYSYS, da CSMGem ta makarantar ma'adinai ta Kolorado, duk a kan wannan tushe suke. Ga gas na yau da kullum sukan faɗo kusa da abin da gwaji ya nuna da tazarar digiri ɗaya ko makamancin haka, amma duk da haka ƙwararru kan ƙara digiri 3 ko fiye a matsayin tazarar kariya. A 'yan shekarun nan an shigo da manhajojin da ke koyo daga tarin bayanan gwaji, kuma suna da amfani, sai dai cutar da ta kama dabarar Hammerschmidt ba ta bar su ba: abin da ba su taɓa gani ba, ba su da hujjar yin magana a kansa.

Yanzu mu dawo gida da lissafin. A ɗauka gas mai nauyin 0.6 yana tafiya a bututun da aka binne, a bar 70. Layin daskarewarsa yana wajen digiri 16 zuwa 17, ƙasar arewa kuwa a zurfin mita guda ta fi haka ɗumi nesa ba kusa ba, don haka a cikin dogon bututun babu fargaba. Matsalar tana wurin da ake rage matsi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya taɓa bakin taya lokacin da iska ke fita da ƙarfi ya san wurin yana yin sanyi. Joule da Thomson ne suka auna wannan hali a shekarun 1850, kuma ga gas ɗin ƙasa sanyin ya kai kusan rabin digiri ga kowane bar da aka sauke. Idan gas ya shiga bawul a digiri 28 aka sauke shi daga bar 70 zuwa 20, zai fito a wajen digiri 3. Layin daskarewa a bar 20 kuwa yana wajen digiri 7. Ke nan a tsakiyar rana, rana na dukan ƙarfen daga waje, gas ɗin da ke ciki ya faɗa gidan ƙanƙara da digiri 4, kuma a ƙuntataccen wurin da ɗan ƙulli kaɗan ya isa ya toshe.

Na silindar CNG ya fi kusa da mu. A bar 200 layin daskarewa ya haura digiri 20, hunturun Disamba da Janairu kuwa yakan sauko da daren Gusau zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. Tirelar da ta kwana a fili a irin wannan dare ta cika sharuɗɗa biyu tun kafin a buɗe bawul, idan kuma aka buɗe, saukar matsi daga 200 zuwa 'yan bar kaɗan na iya zaftare digiri gommai. Wannan ne dalilin da ya sa ake zagaya ruwan zafin injin ta jikin regiletar motar CNG, wato na'urar da ke rage matsin gas. Makanikin da ya ga tiyo biyun nan ya ɗauka ƙawa ce ya bar su a kwance, ya shirya wa mai motar mutuwar inji da asuba.

Sharaɗin da ya rage a hannunmu shi ne ruwa, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Gas yakan fito daga rijiya ɗauke da tururi, ana kuma busar da shi a masana'anta ta hanyar ratsa shi cikin gilaikol, wani ruwan sinadari mai tsotse danshi. Ƙa'idar da aka fi sani a bututu ita ce kada ruwan ya wuce fam 7 a cikin kubik ƙafa miliyan ɗaya. Abin da ake aunawa a aikace shi ne digirin raɓa, wato sanyin da tururin zai fara sauka ya zama ɗigo, kuma wannan digiri yana hawa idan matsi ya hau. Gas ɗin da ya bushe sarai a bar 70 yana iya zubar da raɓa idan kwamfaresa ta matse shi zuwa 250, shi ya sa tashar CNG take buƙatar na'urar busarwa ta kanta. Akwai kuma ruwan da ke maƙalewa a gwiwar bututu bayan an yi gwajin matsi da ruwa ba a tsane shi sosai ba, wanda babu takardar haɗin gas da za ta nuna shi.

Inda busarwa ba ta yiwu ba, sai a tura layin baya da magani. Metanol, wanda shi ma ruwan sinadari ne, da gilaikol suna riƙe ƙwayoyin ruwa su hana su gina akurki, kamar yadda gishiri ke yi. Hammerschmidt ya bar lissafin wannan ma: a ninka kason maganin da 1,297, a raba da nauyin ƙwayarsa wanda aka ninka da abin da ya rage daga 100. Metanol mai nauyin 32, a kashi 20 cikin 100 na ruwan, yana sauke layin da kusan digiri 10. Gilaikol mai nauyin 62 a wannan kason rabin haka kawai yake bayarwa, amma ana iya tace shi a sake amfani da shi. Dole a ƙara kan abin da lissafin ya bayar, domin wani ɓangare na metanol yana bin gas ɗin ya tafi bai taɓa ruwan ba. Kuma metanol guba ne mai makantarwa, ba abin ajiyewa a jarkar da ba a rubuta suna ba. A teku mai zurfi wannan lissafi na kullum ne: a filin mai na Bonga da ke tekun Najeriya, wanda ya fara fitar da mai a 2005 a zurfin da ya haura mita 1,000, ruwan ƙasan teku yana wajen digiri 4. A mashigin tekun Meziko kuwa, a watan Mayun 2010, katafaren murfin da aka saukar don tare malalar mai daga rijiyar Macondo ya kasa aiki ne saboda ƙanƙarar gas ta cika shi ta toshe mafitarsa.

Akwai wani abu da layin ba ya faɗa, kuma rashin sanin hakan yana yaudarar mutane. Layin yana nuna inda ƙanƙarar za ta iya samuwa, bai nuna yaushe ba. Gas na iya zama 'yan digiri a cikin gidan ƙanƙara na sa'o'i ko kwanaki ba abin da ya faru, sai girgiza ko tsatsa ko buɗe bawul da sauri ya tayar da ita, ta girma cikin ɗan lokaci. Ruwan da ya taɓa daskarewa ya narke ma an lura ya fi saurin komawa. Don haka maganar "jiya ma haka muka yi aiki lafiya" ba hujja ba ce. Idan kuma toshewar ta auku, mafi haɗarin abin da za a yi shi ne sauke matsi daga gefe ɗaya ko kara wuta a jikin bututu. Ƙullin yakan fara narkewa daga inda ya manne da bango, matsin da ke bayansa ya harba shi kamar harsashi har ya fasa gwiwar ƙarfe, zafi kuma ya saki gas mai yawa a wurin da ba shi da mafita. Ana sauke matsin ne daga ɓangarorin biyu a hankali, a zuba metanol, a jira ko da kwanaki ne.

Ga wanda zai karɓi tirelar gas a Gusau ko Talatar Mafara, takarda biyu ya kamata ya nema kafin a haɗa tiyo: wadda ta nuna kason kowane sinadari har zuwa furofan da butan, da wadda ta nuna digirin raɓa tare da matsin da aka auna shi a kai, domin digirin raɓa ba tare da matsinsa ba rabin magana ne. Da su zai zana layinsa, ko da zanen Katz ne. Sannan ya ɗora ma'aunin zafi a jikin bututun da ke bayan regileta, ba gabanta ba, ya karanta shi bayan sallar asuba a tsakiyar Janairu, lokacin da ake jan gas da yawa, ya kwatanta abin da ya gani da layin.